Bin Sawun Alexander Carmichael, Mai Harajin da Ya Tara Addu'o'in Tsibirai

Wata rana da dare, a ɗaya daga cikin tsibiran yammacin Skotland, hira ta yi daɗi tsakanin wani dattijo da baƙonsa, har dattijon ya saki jiki ya karanta masa addu'ar da yake yi in zai kwanta barci. Baƙon ya zaro takarda ya rubuce ta tsaf. Gari na wayewa sai ga dattijon ya biyo shi, bayan ya tako mil 26. Ya ce tun jiya bai runtsa ba saboda abin da ya bayar. Bai ƙi baƙon ya ji daɗinta shi kaɗai ba, amma ba ya so a buga ta a littafi, idon da bai san darajarta ba ya hau kanta. Baƙon bai ja da shi ba. Ya miƙa takardar, aka ƙone ta nan take.

Kenneth MacLeod, wani limamin coci ɗan tsibirin Eigg, shi ya ba da wannan labari. Baƙon kuwa shi ne Alexander Carmichael, ma'aikacin harajin gwamnatin Birtaniya, wanda ya yi kusan shekara hamsin yana bin gidajen talakawa masu jin harshen Gelik yana rubuta abin da ke bakinsu: addu'ar tashi da ta kwanciya, waƙar tatsar saniya, tofin targaɗe, maganin kambun baka. Abin da ya tara ya zama Carmina Gadelica, littafi mai juzu'i 6 da aka fara bugawa a 1900, aka kammala a 1971, shekara 59 bayan rasuwarsa. Ba a jima da kammalawar ba masana suka shiga bin sawunsa da tambaya ɗaya: a cikin littafin nan, nawa ne daga bakin tsofaffin, nawa ne daga alƙalaminsa?

Yaron Lismore

Sawun ya faro ne daga Lismore, wani siririn tsibiri mai tsawon kusan mil 10 kusa da garin Oban. A nan aka haife shi ranar 1 ga Disamba, 1832, shi ne auta a gidan wani manomi mai suna Hugh Carmichael. Tsibirin ƙarami ne, amma sunansa tsoho ne. Waliyyi Moluag, mutumin Ayaland, ya kafa gidan ibada a wurin a ƙarni na 6, zamanin da Waliyyi Columba ya kafa nasa a tsibirin Iona, kuma har yau sandarsa tana hannun wani gida na Livingstone a tsibirin, ana gadonta.

Ƙuruciyarsa ta faɗo a mugun zamani. A 1846 cuta ta kama dankali, abincin da talakan tsibirai ya dogara da shi, aka yi shekaru ana fama da yunwa. Masu ƙasa sun riga sun gano cewa tumaki sun fi mutane kawo kuɗi, sai suka shiga tashin ƙauyuka. A 1851 Kanar John Gordon na Cluny, wanda ya sayi Barra da Uist ta Kudu da Benbecula, ya sa aka loda ɗaruruwan mutane a jiragen ruwa zuwa Kanada, waɗanda suka gudu cikin duwatsu aka bi su aka kamo. Ta ɓangaren addini ma ƙasa ta motsa. A 1843 cocin Skotland ya dare biyu, sabon da ya ɓalle ya samu karɓuwa sosai a arewa, da masu wa'azi masu zafi da ke ganin tatsuniya da kiɗa da tofi aikin banza ne, ko ma saɓo. Da gwamnati ta zo yin dokar ilimin dole a 1872, ko sau ɗaya ba ta ambaci Gelik ba.

Carmichael ya shiga aikin harajin cikin gida, sashen da ke sa ido kan giya: a auna abin da matatun wiski suka dafa, a karɓi kuɗin gwamnati, a kama masu dafawa a ɓoye. Ya yi aiki a Greenock da Dublin, sannan aka tura shi Islay, tsibirin da ya yi suna da wiski. A daidai lokacin wani ɗan babban gida, John Francis Campbell, wanda mutanen wurin ke kira Iain Òg Ìle, wato Iain Ƙarami na Islay, ya baza mutane suna tattaro masa tatsuniyoyin Gelik. Littafinsa, Popular Tales of the West Highlands, ya fito juzu'i 4 tsakanin 1860 da 1862. Matashin mai haraji ya shiga sahun masu aika masa labarai, musamman da ya koma Carbost a tsibirin Skye.

Campbell yana da sharaɗi ɗaya da ba ya sassautawa: a rubuta magana yadda ta fito daga bakin mai ita, a sa sunansa da garinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara ɗari kafin nan, James Macpherson ya girgiza Turai da waƙoƙin da ya ce fassara ce ta baitocin Ossian, wani makahon mawaƙi na zamanin da. An karanta su daga Jamus har Faransa, amma da aka ce ya kawo asalin rubutun Gelik sai ya yi ta kwana-kwana, har marubuci Samuel Johnson ya fito fili ya kira aikin jabu. Macpherson ya samu tsofaffin waƙoƙin jarumai na gaske, sai dai ya gina nasa a kansu. Tabon ya zauna. Duk wanda ya fito da abu mai kyau daga Gelik, sai a ce wani Macpherson ne kuma. Campbell yana son wanke tabon da hujja, Carmichael kuwa a lokacin yana cikin masu kare Ossian.

Shekarun Uist

A ƙarshen 1864 aka mai da shi tsibiran Hebrides na waje, jerin tsibiran da ke fuskantar Tekun Atilantika kai tsaye. Yankin aikinsa ya kama daga Harris, ya bi ta Uist ta Arewa da Benbecula da Uist ta Kudu, har Barra. Hanya kaɗan ce, gada babu. Mai son ƙetarawa daga Benbecula zuwa maƙwabtanta sai ya jira ruwan teku ya janye, ya bi ta kan yashi da ƙafa ko a keken doki, ya yi sauri kafin ruwan ya dawo. Gadar farko a mashigin da ke kudancin Benbecula sai 1942 aka buɗe ta. A bakin wannan mashigi, a Creagorry, Carmichael ya zauna shekaru da matarsa Mary Frances MacBean, wadda ya aura a 1868. Duk matafiyin da ruwa ya tsare, abokin hira ya samu.

Mai haraji ba baƙon da ake rige-rigen yi wa shimfiɗa ba ne. Harshe da haƙuri ne suka buɗe masa ƙofa. Gidajen lokacin na dutse ne da jinka, wuta a tsakiyar ɗaki, shanu a ɗaya gefen ƙarƙashin rufi guda. Da hunturu, lokacin da dare ke tsawo, unguwa kan taru a gida ɗaya don abin da suke kira cèilidh, wato ziyarar hira. Maza na tufkar igiya, mata na kaɗi, wani tsoho na ba da labarin da kan ci dare biyu ko uku.

Irin waɗannan dogayen labarai ya fi bi da farko. A 1867 a Barra, wani dattijo mai shekara 83, John MacNeil, ya ba shi labarin Deirdre, kyakkyawar da sarki ya keɓe wa kansa ta gudu da saurayinta, labarin da ke rubuce a littattafan Ayaland tun ƙarni na 12. A 1871 shi da Campbell suka ƙetara zuwa Mingulay, tsibiri mai dogayen duwatsu a can ƙarshen kudu, don su saurari Roderick MacNeil, tsoho gwanin labari, gwanin hawan dutse wajen kamun tsuntsayen teku.

Sannu a hankali kunnensa ya koma kan wani abin da ba a dandali ake yin sa ba. Mata ne suka fi riƙe shi, kuma ƙasa-ƙasa ake furta shi, rabi magana rabi waƙa.

Ga misalin wuta. Itace ba shi da yawa a waɗannan tsibirai, da baƙar ƙasar fadama ake girki, a yanka ta kamar tubali a shanya ta bushe. Ba a barin wutar gida ta mutu. Da dare uwar gida za ta baza garwashin ya yi da'ira, ta raba shi uku, ta sa tubali ɗaya a kowane tsakani tana ambaton Triniti na aƙidar Kirista, ta rufe da toka, tana roƙon a tsare gidan da mutanensa har wayewar gari. Da asuba in ta tone tokar za ta hura, akwai wata addu'ar daban.

Haka kowane aiki yake da tasa. Akwai ta shuka da ta girbi, ta dutsen niƙa, ta kafa zare a masaƙa, ta tura jirgi cikin ruwa, ta kora shanu zuwa makiyayar bazara, ta wankan jariri, ta rakiyar mai cikawa. Masu tatsa sun ce akwai saniyar da in ba a rera mata waƙar da ta saba ji ba, sai ta hana nono. In an gama saƙar ulu, mata kan zauna gefe biyu na wani dogon katako, su jiƙa ƙyallen, su yi ta bugunsa suna miƙa wa juna ta hannun da rana ke bi, ɗaya na bayarwa saura na amshi, har ya tsuke ya yi kauri. Maimaita waƙa a zama guda abin ƙi ne, shi ya sa mace ɗaya kan riƙe waƙoƙi barkatai a ka.

Bayan sunan Allah da na Almasihu, sunaye huɗu ne suka fi yawo a addu'o'in. Akwai Maryamu. Akwai Brìde, waliyyiyar Ayaland da mutanen tsibirai suka mayar ungozomar Maryamu, mai kula da shanu da haihuwa, wadda ake bikinta 1 ga Fabrairu. Akwai Calum Cille, wato Columba, wanda ranarsa ta sa'a Alhamis ce. Sai Mala'ika Mika'ilu, majiɓincin teku da dawaki. Bikin Mika'ilu, 29 ga Satumba, Carmichael ya ba da labarinsa dalla-dalla. Ranar Lahadin da ta gabace shi mata kan fita tonon karas na daji. Daren jajibere babbar 'yar gida kan gasa wata gurasa mai suna strùan, da garin kowace irin hatsi da gonar ta bayar a shekarar. A wannan dare al'ada ta halatta wa saurayi ya saci dokin maƙwabci, muddin zai dawo da shi lafiya. Washegari a kewaye maƙabarta a kan dawaki ba sirdi, sannan a yi sukuwa.

Wanda ya fi wuyar samu shi ne tofi da surkulle: na ciwon haƙori, na tsayar da jini, na abin da ya faɗa ido, na samun sa'a a gaban alƙali, na maido da nonon saniyar da aka yi wa mugun ido. Masu shi ba sa faɗa da ƙarfi, kuma da yawa sun yarda namiji mace zai koya wa, mace kuma namiji. Na targaɗe ya fi jan hankalin masana. Mai magani kan ƙulla zare yana tofawa, yana ba da gajeren labarin yadda Almasihu, ko Brìde, ko Calum Cille ya tarar da doki ya karye ya haɗa ƙafar. Irin wannan labari, da dokin da komai, yana cikin wani rubutu na ƙarni na 10 da aka samu a Merseburg ta Jamus, sai dai a can Wodan, abin bautar Jamusawan da, shi ne mai ɗorin.

Ba ko'ina ya samu abin da ya je nema ba. A gabatarwar littafinsa ya ba da labarin wata uwar gida a Ness, arewacin Lewis, da ta karrama shi da abinci, da ya tambayi kiɗan biki sai ta gaya masa ai limamai da dattawan coci sun sa an karya goge an ƙone algaita tuntuni. Ya kuma ba da na wani tsoho da ke tsakiyar labari, jikansa ɗan makaranta ya katse shi da cewa malam ya ce duk ƙarya ce. Sai da aka daɗe ana lallashi kafin tsohon ya ƙarasa. Shi ya sa, ko da yake Carmichael Furotesta ne, kaso mai yawa na abin da ya samu daga tsibiran Katolika ya fito, Uist ta Kudu da Barra. Amma ba duk malaman coci ne suka juya wa abin baya ba. John Gregorson Campbell, limamin Furotesta a Tiree, ya tattara labaran aljanu da camfe-camfe, Fada Allan MacDonald na Eriskay kuma ya cika kundaye da kalmomi da waƙoƙi.

Daga rahoton gwamnati zuwa littafi

A 1882 Carmichael ya kwashe iyalinsa zuwa Edinburgh. A shekarar ne talakawan Braes a Skye suka yi arangama da 'yan sandan da aka turo daga Glasgow kan makiyayar da aka hana su. Rikici ya bazu, gwamnatin Firayim Minista Gladstone ta kafa kwamitin bincike a 1883 ƙarƙashin Lord Napier, ya zaga tsibirai yana sauraron koken manoma 'yan haya. Aka nemi Carmichael ya rubuta bayani kan yadda mutanen Hebrides ke raba gona da makiyaya a tsakaninsu. Ya rubuta, ya kuma cusa wasu addu'o'i da waƙoƙin kiwo a ciki. Da rahoton ya fito a 1884, a tsakiyar shafukan kuɗin haya da ƙidayar tumaki, waɗannan baitoci suka kama zukatan masu karatu. A 1886 majalisa ta yi dokar da ta hana a tashi manomi ɗan haya daga gonarsa haka kawai. Carmichael ya lura da abu guda. An saba zana mutanensa a jaridun birni a matsayin malalata masu camfi, ga shi addu'ar tsohuwa ta sa wasu manya sun sake kallonsu.

Daga nan ya san littafin da zai yi, amma sai da aikin ya ci shekara 16. Gidansa ya zama matattarar ɗaliban Gelik da ke Edinburgh, aikin kuma ya zama na gida gaba ɗaya. 'Yarsa Ella, wadda ta karanta harsunan Seltik a jami'a, ta taya shi kwafa da gyara. Matarsa ta zana manyan haruffan farkon waƙoƙin, masu kanannaɗo da siffofin dabbobi, tana kwaikwayon tsofaffin littattafan hannu. A 1900 maɗaba'ar T. da A. Constable ta fitar da juzu'i biyu, Gelik a shafin hagu, Turanci a dama, da sunan Latin, Carmina Gadelica, da na Gelik, Ortha nan Gàidheal. Kwafi 300 kacal aka buga, a kan fam 3 da sule 3, kuɗin da ya fi ƙarfin talakan da ya ba da waƙar. A jerin abin da ke ciki ya sa sunan mai bayarwa da sana'arsa da ƙauyensa: manomi, makiyayi, mai tatsa, matar da miji ya mutu ya bari. Masu sharhi suka yaba, a 1909 Jami'ar Edinburgh ta ba shi digirin girmamawa.

Ya rasu ranar 6 ga Yuni, 1912, aka kai shi Lismore aka binne kusa da cocin Moluag. Ya bar tarin takardu da ba a buga ba. Ella, wadda ta auri William J. Watson, daga baya farfesan Seltik a Edinburgh, ta sake fitar da juzu'i biyun farko a 1928, shekarar da ita ma ta rasu. Ɗanta James Carmichael Watson ya gaji kujerar mahaifinsa a 1938, ya fitar da juzu'i na 3 a 1940 da na 4 a 1941, sannan ya ajiye farfesanci ya shiga sojan ruwa a matsayin kurtu. A watan Maris na 1942 aka nutsar da jirginsu, HMS Jaguar, a gaɓar Masar, yana da shekara 32. Angus Matheson ya karɓi aikin, ya fitar da na 5 a 1954. Na 6, mai ɗauke da fihirisa, sai 1971 ya fito, bayan shi ma ya rasu. Takardun kuwa suka koma ɗakin karatu na Jami'ar Edinburgh.

Zargi da kundayen aljihu

A 1976 Hamish Robertson ya buga maƙala a mujallar Scottish Gaelic Studies da ta tayar da ƙura. Ya gwada wasu rubuce-rubucen hannu na Carmichael da abin da aka buga, ya ce mutumin ya taɓa kusan komai: ya ƙara baiti, ya sauya kalma, ya goge, ya tsawaita. Inuwar Macpherson ta dawo. John Lorne Campbell na tsibirin Canna, wanda tun shekarun 1930 yake ɗaukar muryoyin mutanen Barra da Uist da na'ura, ya mayar da martani a 1978. Bai musa gyaran ba. Ya ce a zamanin Carmichael haka masu buga waƙoƙin gargajiya ke yi, don haka a karanta littafin a matsayin aikin adabi da aka gina kan abin gaske. A 1983 Alan Bruford ya ɗauko labarin Deirdre, ya jera abin da John MacNeil ya faɗa a 1867 da abin da aka buga, ya nuna yadda labarin ya yi ƙiba a hanya.

Abin da ya raba gardama shi ne kundayen aljihunsa, ƙananan littattafai fiye da ashirin da yake yawo da su, waɗanda suka daɗe cikin tarin takardun ba a yi musu karatun tsanaki ba. Duk wanda ya buɗe su zai ga dalili. Rubutu ne na mai sauri, wani da fensir wani da tawada, Gelik da Turanci a cakuɗe, kalmomi a gutsure. A 2006 aka yi taro a kansa a Benbecula, kuma a shekarun nan Jami'ar Edinburgh ta kafa aiki na musamman, da Domhnall Uilleam Stiùbhart a matsayin babban mai bincike. Aka bi kundayen shafi-shafi, aka kwafe, aka ɗauki hotonsu, aka zuba a intanet.

Gano masu bayarwar wani aiki ne mai zaman kansa. Carmichael kan rubuta suna da shekaru da ƙauye da kwanan wata, sai mai bincike ya nufi takardun ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa da Skotland ta fara a 1855. A nan ake cin karo. A Barra MacNeil ya yi yawa, a Uist MacDonald ba iyaka. A ƙauye ana sanin mutum ne da jerin sunan ubansa da kakansa, ko da laƙabi, magatakardan gwamnati kuwa da sunan Turanci yake rubuta shi: Gilleasbaig ya koma Archibald, Tormod ya koma Norman, Oighrig ta koma Euphemia, Mòr wani lokaci Marion wani lokaci Sarah. Duk da haka an gano da yawansu, da gidajensu da 'ya'yansu, a ƙauyukan da ya ambata.

Hoton da ya fito ba na Macpherson ba ne, ba kuma wanda masoyansa suka riƙe ba ne. A kundin aljihu tofi kan zo gajere, 'yan layuka, wani wuri a karye, da kalmomin yau da kullum. A littafi sai ya zo da tsawo, a daidaice. Carmichael kan samu abu ɗaya daga bakin mutum uku ko huɗu, ya ɗauki nan ya ɗauki can ya ɗinke, ya cire sabuwar kalma ya sa tsohuwa, wani lokaci ya cike giɓi da nasa. A ganinsa abin da ya ji ɓarɓashi ne na wani tsohon abu mai daraja da zamani ya farfasa, shi kuma yana mai da shi yadda yake. Fassararsa ma ya sa mata Turanci mai nauyi irin na tsohon Littafi Mai Tsarki. Ya ƙara gishiri, kuma ya san waɗanda yake dafa wa: masu mulki da masu kuɗin da ke ganin mutanensa ba su waye ba.

Kundayen sun kuma nuna cewa addu'a kaso ɗaya ce kawai a abin da ya tara. Akwai sunayen duwatsu da rijiyoyi da gonaki, sunayen tsuntsaye da tsirrai, karin magana, zambo, tarihin dangi, kwatancen kufan coci-coci, da shaidar waɗanda aka tasa daga gidajensu suna faɗin abin da idonsu ya gani. A 2014 aka sa tarin takardun a rajistar UNESCO ta Birtaniya ta muhimman kayan tarihi.

Littafin kuwa ya kama tasa hanyar. A 1992 aka fitar da shi a juzu'i ɗaya, Turanci zalla. Masu neman abin da suke kira Kiristancin Seltik, a Birtaniya da Amurka, suka rungume shi, ana tsintar addu'o'insa a littattafan ibada da waƙoƙin coci. Yawanci masu laushin ake ɗauka, a bar tsinuwa da tofin ciwon haƙori. Harshen da aka yi su da shi kuwa ya ja da baya: ƙidayar 1901 ta samu masu jin Gelik kusan 230,000 a Skotland, ta 2011 ta samu kusan 57,000.

Wanda ke son sanin abin da Carmichael ya so duniya ta gani game da mutanensa, ya karanta Carmina Gadelica. Wanda ke son jin abin da wata mai tatsa ta faɗa a Uist, da kalmominta, ya koma kundin aljihu, inda sunanta da ƙauyenta suke. A sharaɗin John Francis Campbell, Carmichael ya karya rabi ya riƙe rabi: ya gyara baitoci, amma bai ɓoye sunayen masu su ba, bai kuma ƙone kundayen da za su tona gyaran ba. Mingulay, inda ya zauna da Roderick MacNeil a 1871, mutanenta na ƙarshe sun tashi a 1912, shekarar da aka binne shi. Tun 2000 tsibirin yana hannun hukumar National Trust for Scotland, kuma babu mazaunin dindindin ko ɗaya a cikinsa.